Shinkafa ta koma albasa: iri ne ya lalace, ko aikin ɗan ƙuda ne?

Me ke sa shinkafar da aka dasa lafiya lau, ta kama ƙasa, ta yi kore shar, sai a wayi gari tsakiyarta ta fito da wani dogon bututu fari-fari kamar ganyen albasa, daga nan kuma wannan reshen ba zai taɓa fitar da kai ba? Tambayar da ta riƙe mu ke nan har bayan sallar isha'i a wata majalisa a Agege, ranar da wani dattijo mai sayar da hatsi ya miƙo wayarsa ya nuna mana hotunan da ƙaninsa ya turo masa daga fadamarsu a jihar Neja. Kafin wayar ta gama zagaya tabarma an riga an yanke hukunci kala uku. Wani ya ce irin nan ne da aka sauya wa halitta a ɗakin bincike, wanda ake ta maganarsa a rediyo da Facebook. Wani ya ce takin jabu ne. Na uku ya sassauta murya ya ce a dai bincika, ƙila da hannun maƙiya.

Babu wanda ya faɗa daidai a cikinsu, ko da yake biyu sun ɗan shafi gefen gaskiya, kuma zan dawo kansu. Abin da ke cikin hoton aikin wani ɗan ƙuda ne mai kama da sauro. Ba ya cizon mutum, ba ya shan jini, kuma kwanakinsa a duniya bayan ya yi fiffike ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Maganar ta shafe mu a nan Legas fiye da yadda muke zato. Da yawanmu jiki ne kawai yake Mile 12 ko Alaba Rago ko Idi-Araba, gona tana gida, kuma daga aljihunmu kuɗin iri da taki da feshi ke fita. Idan waya ta yi ƙara aka ce shinkafa ta kamu, a turo kuɗin magani, mu ne ke yanke shawara daga uwa duniya kan abin da ba mu gani da ido ba.

## Mene ne ƙullin shuka?

Duk wanda ya taɓa noma ya ga ƙulli ko da bai san sunansa ba. Kumburi ne da ke fitowa a ganye, ko reshe, ko fure, ko saiwa, wanda naman shukar ne da kanta, amma wata halitta ce daban ta sa ta gina shi. Masu lambun tumatir sun san ƙulle-ƙullen da ke cika saiwa har shukar ta tsumbure, wannan aikin wasu tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani. A nan ƙasar Yarbawa, masu rainon bishiyar loko, wadda suke kira iroko, sun daɗe suna fama da wani ƙwaro da ke dunƙule sabon ganyenta. Sai dai a kiyaye: ƙananan ƙulle-ƙullen da ke saiwar gyaɗa da wake alheri ne, su ne ke tara wa ƙasa sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya.

Wasu na kwatanta ƙulli da ƙari, wato ciwon daji. Kwatancen bai cika ba. Ƙari yana girma ne babu tsari. Shi kuwa ƙulli gini ne mai fasali, da ɗaki a ciki, da bango, wani lokaci har da ƙofa, kuma kowane ƙwaro da irin gininsa. Shi ya sa masana ke iya faɗin sunan ƙwaron daga kallon ƙullin kawai, kamar yadda mai ido ke gane ƙauyen da aka saƙa tabarma daga saƙarta.

Cikin masu wannan sana'a, babu dangin da ya kai wasu ƙananan ƙudaje da masana ke kira Cecidomyiidae yawa. Mafi yawansu ba su wuce milimita 2 zuwa 3 ba, dogayen ƙafafu siri-siri, fiffike mai gashi, tsutsarsu kuma sau da yawa ja-ja ce ko ruwan lemo. An rubuta sunayen fiye da nau'i 6,000, amma wani bincike da aka yi a Kanada a 2016 ta hanyar ƙwayoyin gado ya ƙiyasta cewa adadinsu a duniya zai iya kai miliyan 1.8. Idan ƙiyasin ya kusanci gaskiya, to ɗan abin da aka sani a kansu bai kai cikin cokali ba.

Mutanen da can sun ɗauka shukar ce ke haifar da tsutsar daga jikinta, kamar yadda har yau wasu ke ɗauka game da tsutsar goro ko ta mangwaro. Wani likita ɗan Italiya, Marcello Malpighi, shi ne ya yi cikakken bayani a 1679 cewa ƙwaro ne ke sa ƙwai a jikin shuka, ƙullin kuma ya biyo baya.

## Bishiyar wilo, inda aka yi karatun

Wani ɗalibi da ke zaune a gefen majalisar ya ɗauko wayarsa ya nuna mana wani hoto: kan reshe ya dunƙule ya zama kamar furen wardi, amma kore. Ya ce ai wannan da albasar shinkafar Baba 'yan ɗaki ɗaya ne. Gaskiya ya faɗa, kuma daga nan ne bayanin ya fi saurin shiga kai.

Wilo bishiya ce ta bakin rafi, Larabawa na ce mata safsaf. Tana da nau'o'i ɗaruruwa, mafi yawansu a ƙasashen sanyi na Turai da Asiya da arewacin Amurka, akwai kuma wadda ke bin gaɓar koguna a Afirka tun daga Masar har Afirka ta Kudu. Ba za ka gan ta a titunan Legas ba, amma ka sha jikarta: daga ɓawonta aka fara fitar da sinadarin salisin a 1828, wanda ya buɗe hanyar haɗa asfirin a 1897. Rassanta masu lanƙwasa ne, Turawa na saƙa kwanduna da su yadda muke yi da kaba da gora.

Bishiyar nan ta tara masu ƙulli ƙwarai, har ka iya samun kala huɗu ko biyar a jikin guda ɗaya, kowa da unguwarsa. Akwai ɗan ƙudan da ake kira Rabdophaga rosaria. Uwar tana sa ƙwai a kan tohon reshe lokacin da sanyi ya wuce. Da tsutsar ta fara ci, sai reshen ya daina tsawo, amma bai daina fitar da ganye ba, don haka ganyaye gommai su taru wuri guda, gajeru, a jere kamar fure. A tsakiyar furen nan tsutsa ɗaya ce tak ke zaune. Idan hunturu ya zo bishiyar ta zubar da ganyenta kaf, wannan dunƙulen ba ya faɗuwa, yana nan a bushe a kan reshe, tsutsar na ciki tana jiran ɗumi ya dawo.

Ɗan'uwansa na Amurka, Rabdophaga strobiloides, nasa ginin ya fi wannan matsewa, ganyayen sun hau kan juna kamar ɓawon kifi har sun zama dunƙule mai tauri. Mai gida ɗaya ne a tsakiya, amma tsakanin ɓawo da ɓawo cike yake da baƙi: wasu ƙudajen da ba su iya gini ba, ƙwan fara, ƙananan ƙwari kala-kala. Gidan haya ne sosai irin namu na Agege, mai ɗakuna a jere. A lokacin sanyi tsuntsaye na zuwa su fasa shi su cinye mai gidan. Akwai kuma wanda ke kumbura jikin reshe ya yi ɗakuna da yawa a ciki, da wanda ke yin 'yar jaka a ganye mai ƙofa a ƙasa, da wanda ke naɗe gefen ganye kamar tabarma, da wanda ke shiga ƙarƙashin ɓawo ya bar itacen da huji-huji.

Wani masanin ƙwari mai suna Benjamin Walsh, wanda ke musayar wasiƙu da Charles Darwin, ya zauna a jihar Illinois ta Amurka yana fasa ƙullin wilo yana rubuta abin da ya samu a ciki, ya buga aikinsa a 1864. Abin da ya ja hankalinsa shi ne ƙudajen kusan kamarsu ɗaya a ido, amma gininsu ya sha bamban, kuma kowanne yana manne da irin bishiyarsa.

Ga darasin da na fi so mai karatu ya riƙe daga wilo. A daji, ƙullin nan bai cika yi wa bishiyar wani lahani ba. Tana da kawunan rassa dubbai, in an karɓe ɗari sai ta tofo ta gefe. Amma ka je gonar masu noman wilo don saƙar kwando, inda ake son sanda doguwa miƙaƙƙiya, can ɗan ƙudan da ya kashe kan reshe ya jawo asara, domin sandar za ta yi rassa ta tashi daga aiki. Aikin ƙwaron bai sauya ba. Abin dubawa shi ne ko wurin da ya zauna shi ne wurin da ɗan Adam ke jiran amfaninsa.

## Yadda tsutsa ke juya shuka

Tsutsar ba ta da haƙoran tauna ganye irin na tsutsar masara. Tana ɗan ƙarzar naman shukar ne ta zuba yawunta. A cikin yawun akwai sinadaran da ke shiga tsarin girman shukar, su rikita ma'aunin sinadaran da ita kanta ke amfani da su wajen umartar ƙwayoyinta su rabu ko su ƙara girma, waɗanda masana ke kira oksin da saitokainin. Daga nan shukar ta fara gina bango kewaye da tsutsar, ta shimfiɗa wa cikin ɗakin wani nama mai taushi da gina jiki, ta riƙa turo masa sukari kamar yadda take turo wa ɗanta. Wato da ƙarfinta da abincinta take rainon wanda ya hana ta haihuwa.

Wannan dabara ba ta ci sai a kan nama ɗanye mai kan girma. Tsohon ganye ba ya juyuwa. Kuma makullin kowane ɗan ƙuda ƙofa ɗaya yake buɗewa, ko 'yan ƙofofi na shuke-shuke 'yan dangi. Na wilo ba zai iya komai da shinkafa ba, na shinkafa ba zai taɓa tumatir ba.

Abu biyu ke fitowa daga nan, kuma su ne zuciyar maganar. Na farko, ranar da ka ga ƙulli, aikin gama ya gama, an yi ɓarnar tun makonni da suka wuce. Na biyu, tsutsar tana bayan bango, maganin da aka fesa a saman ganye ba ya isa gare ta.

## Daga wilo zuwa fadama

Ɗan ƙudan shinkafar Afirka sunansa Orseolia oryzivora. An daɗe ana ɗauka shi ne wanda ke addabar manoman Asiya, sai a 1982 masana suka tabbatar nau'i ne daban, ɗan asalin nahiyar nan. Da dare yake fita, yana son hasken fitila, macen kuma cikinta ja ne. Tana sa ƙwai ɗaruruwa a jikin ganyen shinkafa. Cikin kamar kwana uku su ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta bi danshin raɓa ko ruwan sama ta gangara tsakanin ganye da kara har ta isa ƙwayar tohon da ke can ƙasa. Shi ya sa shekarar da aka yi yawan hadari da yayyafi da danshi ta fi yi masa daɗi.

A can ƙasan take yin abin da 'yar'uwarta ke yi a kan reshen wilo. Maimakon toho ya ci gaba da fitar da ganye daga bisani ya fitar da zangarniya, sai ya koma ɗaki. Idan tsutsar ta ƙoshi ta kwanta rikiɗa, ɗakin ya miƙe ya zama bututun nan mai kama da ganyen albasa. Sai ta murgina ta hau can sama, ta huda, ɗan ƙuda ya fita ya bar fatarsa a maƙale a bakin hujin. Daga ƙwai zuwa ƙuda mako uku ne zuwa huɗu, don haka a damina ɗaya ana iya yin zuriya bayan zuriya, kowacce ta fi ta baya yawa.

Bambancin shinkafa da wilo shi ne kowane reshen shinkafa toho ɗaya gare shi, kuma shi ne zai zama zangarniya. An karɓe shi, an karɓe hatsin. Shukar takan yi ƙoƙarin rama asarar da sababbin 'ya'ya, amma sau da yawa sukan makara, ko su ma a kama su. Idan kuwa shinkafa ta riga ta ɗauki ciki, ta tsere masa, domin ba ya iya juya tohon da ya fara zama zangarniya.

A 1988 aka ga iyakar ɓarnarsa a Najeriya, lokacin da ya mamaye kimanin hekta 50,000 na shinkafar fadama, abin ya fi muni a yankin Abakaliki da ke jihar Ebonyi ta yanzu. Burkina Faso da Mali ma sun san shi. Da rani kuwa yana laɓewa ne a gyauron shinkafa da shinkafar daji mai saiwa a ƙarƙashin ƙasa da ke gefen fadamu, har damina ta dawo.

## Dawar da ta fito babu ƙwaya

Akwai ɗan'uwansa da ya fi shi ɓoye hannu, wanda ke bin dawa. Shi ba ya yin ƙullin da ido zai gani. Macen, 'yar mitsitsiya ruwan lemo, tana zuwa da hantsi lokacin da zangarniya ke fure, ta cusa ƙwai cikin furen, yawanci a yinin ta mutu. Tsutsar ta tsotse abin da zai zama ƙwaya, a zo girbi a tarar da kai tsaye amma fanko, sai ƙaiƙayi. Manomi ya ce ruwa ne ya ɗauke da wuri, ko ƙasa ce ta gaji. Gwajin mai sauƙi ne: ka matse furen da bai cika ba tsakanin yatsu biyu, in wani ruwa ja-ja ya fito, tsutsar ce ka fasa. An yi bincike mai zurfi a kansa a Samaru ta Zariya tun wajen shekarun 1950.

Abin da ke burge ni a nan shi ne dawarmu ta gargajiya, irin su kaura da farafara, tsawon yini take bi wajen yin fure. Ko an yi shuka a rarrabe, sai ka ga gonakin gari sun fitar da kai kusan lokaci guda a ƙarshen damina. Ɗan ƙudan bai samu damar tara zuriya daga wannan gona zuwa waccan ba. Inda aka cakuɗa iri mai saurin nuna da mai jinkiri, fure ya yi ta bin fure har tsawon makonni, nan ne na ƙarshe ke shan wahala.

## Masu zargin iri da masu zargin taki

Wanda ya ɗora laifin kan irin da aka sauya wa halitta, lissafin shekaru kaɗai ya isa amsa. Irin waɗannan amfanin gona ba su shiga kasuwannin duniya ba sai tsakiyar shekarun 1990, a Najeriya kuwa a 2019 aka amince da waken da aka yi wa wannan aiki, masarar TELA kuma aka ƙaddamar da ita a 2024. Annobar Abakaliki ta riga su duka. Muhawara kan wannan iri tana da muhallinta, kuma mutane na da haƙƙin yin tambaya, amma albasar shinkafa ba hujjarta ba ce.

Sai dai iri yana da hannu ta wata fuskar. Ba duk shinkafa ce ɗan ƙudan ke samu da sauƙi ba. A cikin shinkafar Afirka ta asali, wadda kakanninmu suka noma a fadamun Sakkwato da Kabi kafin zuwan ta Asiya, an samu nau'o'in da tsutsar ba ta iya zama a cikinsu, masu bincike na cibiyar binciken shinkafa ta Afirka, wato AfricaRice, da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi sun yi aiki a kansu. An kuma fitar da wani iri ɗan asalin Indonesiya mai suna Cisadane a matsayin FARO 51, saboda yana jure harin ya ba da amfani duk da haka.

Mai zargin taki ma bai yi nisa da hanya ba, illa dai ba sai takin ya zama jabu ba. Yuriya mai kyau, in aka zuba ta fiye da kima, tana sa shinkafa ta yi ta fitar da 'ya'ya masu taushi, kowane sabon toho kuwa ɗaki ne da ke jiran mai haya. Haka nan faɗaɗa noman rani, wanda alheri ne babba, yana nufin akwai ɗanyar shinkafa a fadama kusan duk shekara, ɗan ƙudan ba ya rasa masauki.

Game da hannun maƙiya, abin da zan ce kaɗan ne. Na ga zumunci ya lalace a kan zargin da reza ɗaya za ta iya warwarewa. A tsaga bututun a duba. Addu'a tana nan a matsayinta, ba ta hana a duba ba.

## A yi feshi ko a bari?

Nan ne ra'ayi ya rabu ko a tsakanin masu ilmin abin. Masu goyon bayan magani na cewa akwai irin wanda shuka ke sha ta saiwa ya bi jikinta, kuma in an sa shi da wuri, a wurin rainon iri ko jim kaɗan bayan dashe, yana kashe tsutsar kafin ta gina ɗaki. Wannan gaskiya ne. Amma wanda aka fi amfani da shi a da, mai sinadarin kabofuran, dafi ne mai tsanani ga mutum da tsuntsu da kifi, har Tarayyar Turai da wasu ƙasashe suka hana shi. Fadama kuwa ruwanta ne ake kamun kifi, dabbobi su sha, yara su yi wanka.

Ɗaya ɓangaren na nuna wasu mataimaka da manomi bai san yana da su ba. Kowa ya san zanzaro, yadda yake kama tsutsa ya kai ɗakinsa na laka don 'ya'yansa su ci. To akwai danginsa ƙanana ƙwarai, biyu daga cikinsu, Platygaster diplosisae da Aprostocetus procerae, sana'arsu ke nan a kan ɗan ƙudan shinkafa. Na farkon yana sa ƙwansa a cikin ƙwai ko 'yar tsutsar ɗan ƙudan, 'ya'yansa su cinye ta daga ciki. In ka tsaga bututu ka tarar da tarin 'yan ƙananan kwanso a maimakon tsutsa ɗaya, to zanzaron ya riga ka. Feshin da aka yi a saman ganye bayan albasa ta fito ba ya samun tsutsar da ke ɓoye, amma yana samun waɗannan da ke yawo a fili. Ka biya kuɗi ka kashe mai gadinka, ɓarawo na cikin ɗaki.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce su ma zanzaron sukan makara. Yawansu ba ya kai wa sai damina ta yi nisa, bayan an riga an yi ɓarna. A nan ne wani bincike mai daɗin ji ya shigo. Ciyawar nan tumbin jaki da ke fitowa a gefen fadama tana da nata ɗan ƙudan, wanda ba ya taɓa shinkafa, amma zanzaron nan suna rayuwa a kansa. Barin ta a kan kunyoyi da gefen gona na iya sa mataimakan su taru tun kafin shinkafa ta buƙace su. Ciyawar da ya kamata a kawar ita ce shinkafar daji da gyauro.

Ni dai a nawa ganin, abin da ya fi kowane magani shi ne lokaci. A yi dashe da wuri, kuma maƙwabtan fadama su yi shi kusan tare. Wanda ya dasa bayan kowa, gonarsa ce ke ɗanya lokacin da ƙudajen da suka taso daga gonakin wasu suka kai ganiyar yawa, duk su sauka a kansa.

## Mai saye da mai sayarwa a Legas

Shin shinkafar da ta fito daga gonar da ta kamu tana da illa a ci? Babu. Ɗan ƙudan ba ya shiga ƙwayar hatsi, reshen da ya kama ba ya ma haihuwa balle ya iso buhu. Ƙwarin da muke gani a buhun da ya daɗe a shago wasu ne daban. Abin tsoro a abincinmu shi ne maganin da ake zubawa ba bisa ƙa'ida ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dikilobos da aka samu a ciki, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni. Al'adar nan ta in an ga ƙwaro a ɗauko kwalba, tun daga gona take farawa.

Batun farashi kuma, ba zan ce ɗan ƙuda ne ya tsadantar da shinkafa a Daleko ko Mile 12 ba. Kuɗin mai da na mota, faɗuwar naira, rashin tsaro da ambaliya duk sun fi shi nauyi. Nasa kason a ɓoye yake ɗauka, buhu biyu a wannan gona, biyar a waccan, kuma ba a rubuta shi a ko'ina. Amma Legas gari ne da ke ci daga gonar wasu. Katafaren injin casar shinkafa na Imota, wanda aka buɗe a watan Janairun 2023 da ƙarfin tan 32 a awa, ba zai yi aiki ba sai an kawo masa shanshera, kuma mafi yawanta daga wasu jihohi za ta zo. Duk reshen da ya koma albasa a Neja ko Kabi ko Ebonyi, an rage abin da zai hau mota zuwa nan.

Da aka watse na tsaya da dattijon nan. Na ce masa, Baba, kafin ka tura kuɗin feshi, ka sa ƙaninka ya tsinko bututu goma ya tsaga da reza ya faɗa maka abin da ya gani, ya kuma nemi malamin gona ya leƙa fadamar. Sannan ka tambaye shi yaushe ya yi dashe, yaushe maƙwabtansa suka yi. Bayan kwana biyu ya same ni a masallaci. Mafi yawan bututun suna da huji a sama, ƙudajen sun riga sun fita, a cikin biyu kuma an samu tarin 'yan kwanson zanzaro. Dashe kuwa sai da maƙwabta suka yi kusan mako uku da gamawa sannan ƙanin nasa ya fara, domin yana jiran kuɗin ƙwadago daga Legas, shi kuma Baba a lokacin kayansa ba su fita ba. Bai tura kuɗin feshin ba. Ya ce a bar shinkafar ta yi abin da za ta iya da sauran 'ya'yanta, bayan girbi a kife gyauron, kuɗin dashen baɗi kuma zai ware shi tun watan Afrilu.